Me Yake Mayar da Mace Gidan Yari Bayan An Sallame Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ce ma'ajin wata ƙungiyar mata da ke haɗa kuɗi duk watan azumi domin biya wa mata tara da ƙananan basussuka a gidan gyaran hali. Abin da ya dame mu shi ne, idan muka koma bayan shekara, sai mu tarar da wasu daga cikin waɗanda muka fitar sun dawo. Har wasu 'yan ƙungiya sun fara cewa hali zanen dutse ne, kuɗin ma asara ne. Shin akwai abubuwan da aka san suna sa mace ta sake aikata laifi bayan an sallame ta, kuma ana iya gane su tun kafin ta fito?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka muku da alheri bisa wannan aiki. Akwai irin waɗannan abubuwa, an daɗe ana nazarinsu, kuma galibinsu ana iya gane su da 'yan tambayoyi kafin a buɗe wa mace ƙofa. Sai dai tun farko zan ce ban yarda da hukuncin 'yan ƙungiyarku ba, domin abin da ya fi mayar da mace gidan yari ba taurin hali ba ne. Yanayin da take komawa cikinsa ne ranar da ta fito, wato inda za ta kwana, da namijin da ke jiranta, da ƙwayar da ta saba da ita, da bashin da ta bari, da halin da 'ya'yanta suke ciki. Biyan tara yana buɗe ƙofa, amma ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ya kamata a fara sanin cewa mata 'yan kaɗan ne a gidajen yari, kuma idan an haɗa su gaba ɗaya ba su kai maza komawa ga laifi ba. A duniya ba su wuce kashi 7 cikin ɗari na waɗanda ake tsare da su ba, a Najeriya kuwa wajen kashi 2 ne. Hukumar ƙididdigar shari'a ta Amurka ta bi sawun fursunonin da aka sallama a jihohi 30 a shekarar 2005, sai ta gano cewa cikin shekara biyar an sake kama kashi 68 cikin ɗari na matan, maza kuwa kusan kashi 78. Adadin yana da yawa ƙwarai, amma a lura cewa sake kamawa aka ƙirga, ba sake samun mutum da laifi a gaban alƙali ba, kuma tsakanin biyun akwai rata babba. Matar da 'yan sandan unguwa suka riga suka sani ita ake fara ɗauka idan an kai samame, ko ta yi ko ba ta yi ba. Saboda haka idan kun tarar da wata ta dawo, ku fara tambaya ko hukunci aka yanke mata ko zaman jiran shari'a take yi, tunda wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran halin ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba.

Alƙaluman da suka fi kusa da matsalarku daga Ingila suka fito. A takardar tsarin da gwamnatin ƙasar ta fitar a 2018 game da mata masu laifi, an nuna cewa a cikin matan da aka sallama bayan ɗaurin ƙasa da wata 12, kusan kashi 71 cikin ɗari sun sake aikata laifi kafin shekara ta zagayo, alhali maza masu irin wannan ɗauri wajen kashi 63 ne. A nan ne lissafin ya juya, mata suka zarce maza. Dalili biyu ne suka haɗu. Na farko, masu gajeren ɗauri su ne dama masu ƙananan laifuffuka da ake maimaitawa, irin su ɗauke-ɗauke da abin da ya shafi ƙwaya, wato rayuwarsu a hargitse take tun kafin a kama su. Na biyu, ɗaurin wata uku ko shida ya isa ya raba mace da ɗakinta da jarinta da aurenta da 'ya'yanta, amma bai isa ta koyi sana'a ko ta rabu da shaye-shaye ba. To, Hajiya, matan da ƙungiyarku take biya wa tara su ne ainihin wannan rukuni. Kun zaɓi waɗanda suka fi kowa yiwuwar komawa ba tare da kun sani ba, don haka dawowar wasunsu ba shaida ba ce ta cewa kuɗinku ya tafi a banza.

Masana wannan fanni suna raba abubuwan haɗari gida biyu, waɗanda suka riga suka wuce da waɗanda ake iya sauyawa. Na farkon ba su buƙatar dogon bayani: ƙarancin shekaru, da fara shiga hannun hukuma tun ana yarinya, da yawan kamun da aka yi a baya. Budurwa 'yar shekara 20 da aka kama sau uku ta fi dattijuwa 'yar 45 da wannan ne karonta na farko yiwuwar komawa nesa ba kusa ba. Wasu masana biyu 'yan Kanada, Don Andrews da James Bonta, su ne suka tsara manyan abubuwa takwas da ake auna wannan haɗari da su, waɗanda suka haɗa da tarihin laifi, da miyagun abokai, da tunanin halatta laifi, da halin rashin kamun kai, da matsalar iyali, da rashin karatu ko aiki, da zaman banza, da shaye-shaye. Ma'aunin yana aiki a kan mata ma, sai dai akasari daga nazarin maza aka gina shi. Daga baya Kathleen Daly ta yi nazarin hanyoyin da suke kai mata gaban kotu a farkon shekarun 1990, Patricia Van Voorhis da abokan aikinta a Jami'ar Sinsinati kuma suka ƙirƙiro ma'auni na musamman domin mata, suka nuna cewa akwai abubuwan da na farko bai kama ba: cin zarafin da aka yi wa mace tana ƙarama ko a gidan aure, da ciwon damuwa, da muguwar alaƙa da namiji, da nauyin 'ya'ya, da rashin wurin zama mai aminci. Irin wannan fahimta ce ta fito a rahoton Jean Corston na 2007 a Ingila, wanda aka yi bayan mutuwar mata shida a gidan yarin Styal, ita ce kuma ta shiga Ƙa'idojin Bankok guda 70 kan yadda za a kula da mata fursunoni da masu laifi, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a watan Disamba na 2010.

A wurinmu, abin da na fi ba wa nauyi a cikin duka shi ne makwanci. Namiji idan ya fito yana iya kwana a shagon aboki, ko a zaure, ko a masallaci, ko ya tafi wani gari ya yi dako, ba wanda zai tambaye shi daga ina. Mace a ƙasar Hausa gida biyu gare ta, na miji da na uba, kuma ɗauri yana iya rufe mata duka biyun a lokaci guda. Sau da yawa takardar saki tana iske ta tana ciki, ta gama iddarta a can, ta fito ta tarar an kwashe kayan ɗakinta ko an sayar da su wajen bin shari'a. Gidan uba kuma, musamman idan mahaifiyarta ta rasu ko ba ta gidan, yakan karɓe ta da sharaɗin da ba za ta iya jurewa ba, ko ya ƙi karɓarta sam, saboda ana ganin ta jawo wa zuri'a abin kunya kuma za ta hana ƙannenta samun miji. Idan dangi ba su taɓa zuwa ziyara ba duk tsawon zamanta, wannan ita ce alama mafi bayyana da za ku samu, kuma gandirobobin ɓangaren mata sun san wadda ake kawo wa abinci da wadda ba a taɓa kiran sunanta ranar ziyara ba.

Matar da aka rufe wa ƙofofin nan biyu ba ta kwana a titi. Akwai masu karɓarta hannu bibbiyu, kuma a nan matsalar take. Ƙawar da suka saba a ciki ta ba ta kwatancen wani gida, ko ta koma wurin magajiyar da ta taɓa zama a hannunta, ko ta sauka a bakin tasha wurin masu sayar da abinci da dare. A waɗannan wurare ba a tambayar tarihi, ana ba da katifa da abinci a ranar farko, amma ana biya daga baya, ko da jiki ko da riƙe wa wani kaya ko da kai saƙon da ba ta san abin da ke ciki ba. Kuma su ne wuraren da 'yan sanda da jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA da Hisba suke kai samame. Nisa ma yana ƙara dagula lamarin, domin gidajen da aka keɓe wa mata zalla, irin na Kirikiri a Legas, 'yan kaɗan ne, sauran duk wani ɓangare ne da aka yanka a cikin gidan maza, kuma mace tana iya fitowa a garin da ba ta san kowa ba, babu ko kuɗin mota a hannunta. Abin da ya sa ƙa'ida ta 4 a Ƙa'idojin Bankok ta nemi a tsare mace kusa da gidansu ke nan.

Daga makwanci sai namiji, kuma a nan zan taɓa wani abu da na san ƙungiyoyi irin taku suna yi da kyakkyawar niyya, wato gaggawar nema wa wadda ta fito miji domin ta natsu. Nazarin da Robert Sampson da John Laub suka yi a kan wasu maza na birnin Boston ya nuna cewa aure mai kyau yana janye namiji daga laifi, domin yana raba shi da abokan banza. Amma ga mace lamarin ya danganta da wane ne mijin, kuma dalilin a fili yake: maza masu laifi sun ninka mata sau da yawa, don haka namiji mai laifi yakan auri matar da ba ta taɓa shiga hannu ba, ita kuwa mace mai tabon gidan yari wanda ke zuwa nemanta sau da yawa daga cikin masu laifin yake. Da yawan matan da ake kamawa da tabar wiwi ko ƙwaya ajiyar miji ko saurayi aka samu a ɗakinsu, wasu ma an kama su ne a madadinsa, abin da sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ya haramta ƙarara. Idan wanda ya jawo mata ɗaurin farko shi ne ke tsaye a bakin ƙofa ranar sallama, ko shi ne kaɗai yake aiko mata da sabulu tana ciki, to an gudu ba a tsira ba. Haka nan wadda ta koma gidan da ake dukanta, domin ko dai ta gudu ta faɗa wancan gidan da na ambata, ko wata rana ta rama da abin da ke hannunta. Ba ina hana aure ba ne. Ina cewa auren da aka ɗaura cikin wata guda don a rabu da nauyinta, ba tare da an gaya wa mijin da danginsa gaskiya ba, yakan mutu ranar da kishiya ko maƙwabciya ta yi mata gorin gidan yari, kuma zawarcin da ke biyo baya ya fi na farko muni.

Shaye-shaye kuwa, a nazarce-nazarcen da aka kwatanta maza da mata, yana cikin abubuwan da suka fi nuna cewa mace za ta koma. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya kiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce, amma a cibiyoyin jinya mata 'yan ƙalilan ne, saboda kunya da tsoron tonon asiri. Abin da mata suka fi sha a Arewa ba mai wari ba ne: maganin tari mai kodin, da tiramadol, da roci, waɗanda ake sha a cikin ɗaki ba tare da miji ya sani ba. Hana sarrafa maganin tari mai kodin da gwamnati ta yi a watan Mayu na 2018 ya sa ya yi tsada, kuma tsada ga wadda jikinta ya riga ya saba tana nufin ƙarin sata ko ƙarin bashi. Zaman wata shida ba tare da ƙwaya ba bai zama waraka ba, hutu ne kawai na dole. Akwai ma haɗarin da ya fi komawa gidan yari, domin jikin da ya huta ba ya iya ɗaukar adadin da ya saba a da. Wani nazari da aka buga a 2007 a kan waɗanda aka sallama a jihar Washinton ta Amurka ya gano cewa a mako biyun farko haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran jama'a kusan sau 13, kuma yawan shan ƙwaya shi ne kan gaba wajen kashe su.

Ƙwayar ma sau da yawa magani ce mace take yi wa kanta. A ƙarƙashinta akan tarar da fyaɗen da ba a taɓa faɗa wa kowa ba, ko auren dole, ko mutuwar ɗa, ko damuwar da ke biyo bayan haihuwa, kuma gidan yari yana ƙara wa irin wannan ciwo nauyi. Wadda ba ta barci, ko take yawan kuka ba dalili, ko take maganar gara ta mutu, tana buƙatar likita tare da addu'ar da za a yi mata, kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri suna karɓar irin waɗannan.

Sai batun kuɗi, wanda ake yawan ɗauka an gama da shi da zarar an miƙa keken ɗinki. Sana'ar mace a cikin gida kacokan a kan yarda take tafiya: dillaliya tana karɓar atamfa ta sayar ta kawo kuɗi, uwar adashi tana riƙe zubin mata ashirin, mai ɗinki ana bar mata yadin biki, mai ƙosai ana aiko yara su saya a ƙofar gidanta. Wadda aka ɗaure kan cin amana ko kuɗin adashi ta rasa ainihin jarinta, wato amincewar unguwa, kuma keke ba ya mayar da ita. Idan kuma kun biya tarar kotu amma diyyar mai ƙara ko sauran masu binta bashi suna nan, to za ta ci sabon bashi ta biya tsoho, ko ta sayar da keken a mako na biyu, ko mai bin bashin ya sake kai ta caji ofis, duk da cewa dokar 2015 ɗin nan ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. A watan Nuwamba na 2023 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta fara sallamar fursunoni 4,068 bayan an tara naira miliyan 585 an biya musu tara, abin da ke nuna yawan waɗanda talauci kaɗai ya riƙe a ciki. Wanda talauci ya hana biyan tara kuwa talaucin yana nan yana jiransa a waje.

'Ya'ya suna jan mace ta fuska biyu. Su ne babban dalilin da yake sa da yawa su kame kansu, amma su ne kuma nauyin da ke karya wadda ta fito ba ta da ko sisi aka miƙo mata yara huɗu a ranar. Mafi haɗari ita ce wadda dangin miji suka kwashe 'ya'yanta suka hana ta ganinsu, suna gaya musu uwarsu ta mutu ko ta yi tafiya, domin an cire mata abin da za ta yi haƙuri dominsa. A mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancantar riƙon yara bayan rabuwa, idan akwai abin da ya hana ta kuma sai mahaifiyarta, don haka akwai abin da liman ko mai unguwa zai tsaya a kai ya nema mata ko da izinin ziyara ne.

Akwai wani rukuni dabam da bai kamata a haɗa da waɗannan ba, wato matan da suka yi babban laifi sau ɗaya a cikin rikicin gida, kamar wadda ta illata kishiya ko miji. Jama'a sun fi jin tsoronsu, amma galibi ba su ne masu komawa ba, tunda ba su da tarihin laifi kuma sukan fito da shekaru. Abin da suke buƙata shi ne sulhu da dangin wanda aka cuta kafin su fito, ko a sauya musu gari.

Game da ganewa tun kafin fitowa, shawarata ita ce kada ku biya tarar kowace mace sai biyu daga cikinku sun zauna da ita da jami'ar jin daɗin fursunoni, kun ji inda za ta kwana a daren farko da wanda zai zo ɗaukarta, da wanda yake ziyartarta, da ko karonta na nawa ke nan, da abin da take sha kafin a kama ta, da jimillar bashin da ke kanta har da wanda bai je kotu ba, da hannun da 'ya'yanta suke. Amsoshin ba don ku ware wadda za ku bari a ciki ba ne, don ku san wadda za ku fi kashe wa lokaci ne, domin ƙa'idar da Andrews da Bonta suka kafa ita ce a kai mafi yawan taimako wurin mafi yawan haɗari, wadda danginta suka riƙe kuwa a bar ta ta koma cikinsu ba tare da an haɗa ta zama da sauran ba. Ku je gidan uban ko na wan uban tare da mai unguwa mako guda kafin sallama, ba bayanta ba. Idan kuɗin da kuka tara zai fitar da mata ashirin, ya fi amfani ku fitar da goma sha biyu, ragowar ku riƙe domin kuɗin mota da abincin wata uku da magani da biyan masu bin bashi, kuma kowace mace a haɗa ta da 'yar ƙungiya guda da za ta riƙa leƙa ta duk mako har wata shida. Sannan ku nemi lauya ko ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a su riƙa tunatar da kotuna cewa dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ta tanadi hukuncin da ba na tsarewa ba, kamar aikin al'umma da sa ido da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta, kuma ƙa'ida ta 64 a Ƙa'idojin Bankok ta fifita irin wannan hukunci ga mai ciki da mai ƙananan yara idan laifin ba babba ba ne.